Wasiƙar Dinatu a Cikin Rumbu

Ranar da wasiƙar ta iso, Dinatu tana bayan ɗaki tana wanke tsummokaran kakarta, ko ƙararrawar keken Fasto Manu ba ta ji ba. Watan Agusta ne na shekarar 1965, ana tsakiyar marka, a wani ɗan ƙauyen masu bi, wato Kiristoci, da ke kusa da Kafur. Wannan abu a gaban idon jama'a aka yi shi. Mu da muka ga shekarar fara, muka ga ta sanƙarau, muka fito da ƙafafunmu, ba mu san ƙofar aji ba, amma abin da idonmu ya gani ba ya ɓace mana kamar yadda yake ɓace wa masu biro.

A wancan zamanin duk ƙauyen akwati ɗaya gare su a gidan waya na Malumfashi, na majami'a, kuma mabuɗin yana hannun Fasto. Shi ke zuwa ya kwaso, ya bi gida gida yana rabawa. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: wasiƙar mace ko ta wanda bai yi aure ba, maigida ake miƙa wa. Don haka da ya zo ƙofar gidan Dattijo Abraham, mahaifin Dinatu, sai ya jingine keke ya ciro farin ambulan daga jakar leda.

"Dattijo, ta gwamnati ce, daga Kano. Sunan 'yarka ne a kai. Ina jin kiran nan ne na makarantar koyon jinya da ta yi wa jarrabawa."

Abraham ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta gaba da baya.

"Madalla. Fasto, ita wannan aba ai ba ta ruɓewa, ko?"

"Takarda? Ina za ta ruɓe, in dai ruwa bai taɓa ta ba."

"To, shi ke nan."

Shi ke nan ɗin kuwa. Abraham manomi ne, kuma duk abin da yake da daraja a wurinsa, rumbu yake kai shi ya jira lokacinsa. Iri yana jiran ruwa, dawa tana jiran bazara. Ga tsohuwarsa, Inno, ɓarin jikinta ya shanye tun farkon damina, tana kwance. Ga gonakin auduga har huɗu da za su buƙaci hannu. Ya saka wasiƙar a gwangwanin da yake ajiye takardun haraji, ya hau rumbu ya cusa shi tsakanin dammunan dawa. A ransa ya ce in an gama tsinkar auduga zai ba ta, ta tafi. Gwamnati ai ba gudu za ta yi ba.

Dinatu ita ce mace ta farko a wannan yanki da ta gama sakandare, a makarantar 'yan mata ta mishan, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu. Duk takardar da ta shigo gidan, ta malamin gona ce ko ta mai duba-gari, ita ake kira ta karanta. Tata ce kaɗai ba a kira ta ba.

Kullum da sassafe sai ta ɗaga Inno, ta zare tabarmar da ta jiƙe, ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta shafa mata man kaɗanya a baya da ɗuwawu don kada gyambo ya kama. Ta dama kunu ta ba ta da ludayi, rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen baki. Ta juya ta dama, rana ta ɗaga ta juya ta hagu. Tsakanin juyi da juyi kuma ta tafi gona.

Mahaifiyarta Matta tana nan da ranta da lafiyarta, amma Inno ta rantse matar ɗanta ba za ta ga tsiraicinta ba. Da ɗan bakinta da ya karkace take cewa, "Suruka ta tuɓe ni? Gara in mutu cikin kashina. A kira mini 'yar boko." Matta kuwa ba ta ja da wannan kunyar ba ko sau ɗaya. Ta yi mata daɗi.

In Dinatu ta ji ƙararrawar keke, sai ta fito da kumfar sabulu a hannu.

"Baba Fasto, sannu da hanya. Babu saƙo?"

"Duk abin da ya zo, 'yata, na miƙa wa masu gida."

Ba ta da idon da za ta tsaya gaban ubanta ta ce ina wasiƙata. Uwarta ta tambaya, suna surfe.

"Ni na san takarda ne?" in ji Matta, ba ta ɗago ba. "Ki ja turmin nan inuwa."

Alhali Matta tana tsaye a gindin rumbu ranar da aka hau da gwangwanin.

Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce. Dinatu ta yanke a ranta cewa faɗuwa ta yi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina fitowa in ta ji keke.

Ranar Kirsimeti, bayan an tashi sujada a majami'a, tana fitowa sai ta ji an cafke ta ta baya. Judith ce, 'yar garin Tsiga, ƙawarta ta aji ɗaya, ta zo gaida gwaggonta. Ta yi fari, ta yi ƙiba, da agogo a hannu da takalmi mai rufi.

"Ke, mai lamba ɗaya! Ashe kina raye? Wane irin girman kai ne wannan, a kira ki ki ƙi zuwa?"

"A kira ni ina?"

"Ji ta! Kano mana. Sati biyu cur kowace safiya sai an kira sunanki a layi. Dinatu Abraham! Dinatu Abraham! Har 'yan ɗakinmu suka mai da shi abin tsokana, in an rasa cokali sai a ce Dinatu Abraham ta ɗauka. Gadonki na jikin nawa, ina ta kare miki shi, sai da aka ba wata doguwa mai minshari. Ni da nake kwafar lissafinki ga ni ina ɗaura wa mutane bandeji, ke kina nan kina me?"

"Ina nan dai."

"Kin ji labarin sauran? Dorkas tana koyarwa a firamare a Malumfashi, har keke ta saya, in kin gan ta a kai kamar kaza a kan katanga. Rabi'atu kuma tana buga tafireta a ofishin masu auduga a Funtuwa, mazan ofishin har tashi suke yi su ba ta kujera. Rabi'atu fa, da Sista malamarmu ke cewa rubutunta kamar sawun tururuwa!" Sai ta tsaya da dariyar, ta dubi hannuwan Dinatu da suka tsattsage. "Wai da gaske ba ki samu wasiƙar ba?"

Dinatu ta isa gida ta tarar da ubanta a ƙofar gida kan buzu, ya ci shinkafar biki yana sakace. Ta durƙusa.

"Baba, an ce an aiko mini da takarda daga Kano."

"An aiko mana! Tana nan lafiya lau. Da ma jira nake a kai audugar ƙarshe kasuwa in ba ki." Ya miƙe da fara'arsa, ya kafa tsani ya hau rumbu, ya sauko yana hure ƙaiƙayi daga kan gwangwanin. "Duba nan. Ko gara ba ta lasa ba. Yadda Fasto ya ba ni, haka take."

Ta farke ambulan ɗin. Layi biyar ne. An ɗauke ta. Ta bayyana ranar Litinin, huɗu ga Oktoba, da zanin gado biyu da bokiti.

"Baba, ranar ta wuce. Wata uku ke nan saura kaɗan."

"Ta wuce kamar yaya? Ba ga takardar a hannunki ba? Da hatiminta da komai."

"Sun sa rana, Baba. In ranar ta wuce, an ba wani."

Abraham ya kalli takardar kamar ta ci amanarsa. Can ya ce, "To su wane irin mutane ne? Mutum ya kira ka, ka ce ina zuwa in na gama aiki, sai ya ba wani tabarmarka?" Ya koma ya zauna. "Ke ma ki duba. Jinya za ki je koyo, ko ba haka ba? To ga majinyaciya Allah ya kawo miki har ɗaki. Ki bar uwata kwance ki je ki wanke uwar wani? Me mutane za su ce da ni a majami'a?"

Daga cikin ɗaki Inno ta ɗaga murya, "'Yar boko! Na ɓata!"

Dinatu ta ninke takardar ta miƙa wa ubanta, ta shiga.

Kafin Judith ta koma, Dinatu ta rubuta wa shugabar makarantar wasiƙa ta ba ta. Ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, ta roƙi a sake ba ta wuri baɗi. Sannan ta je gidan Fasto, ta same shi yana liƙe tayar keke.

"Baba Fasto, roƙo na zo. In amsa ta zo, ka ba ni a hannuna."

Ya ci gaba da murza robar a gwiwa.

"'Yata, ni bawan ikilisiya ne, jama'ar majami'ar nan. Yau in na tsallake maigida na ba 'yarsa takarda, gobe wa zai yarda da ni da akwatin nan? Sai a ce Fasto ne ke raba 'ya'ya da iyayensu. Babanki dattijon ikilisiya ne, shi ya ba da filin da muka yi ginin nan. Kuskure ya yi don bai sani ba. Yanzu ai ya sani. Ki yi biyayya, ki yi addu'a."

Yayanta Mark, wanda ke aikin reluwe a Kaduna, ya zo a bikin Ista da gwangwanin madara biyu da bargo. Ya leƙa ɗakin Inno, warin ya doke shi, ya fito yana tari. Dinatu ta bi shi har bakin hanya, ta ce ko zai aiko matarsa ta zauna ko da wata shida ne.

"Haba, ƙanwata. Ita 'yar birni ce, ga goyo. Ba za ta iya ba, ke kin riga kin saba. Kuma ke da satifiket ɗinki a hannu, me kike tsoro? Ilimi ai ba ya tsufa." Ya ɗaga wa mota hannu.

Damina ta sake zagayowa. Gyambon da take gudu ya kama Inno a ƙugu, ya zurma har ana ganin fari a ciki. Dinatu ta tafasa ruwan gishiri tana wankewa sau uku a rana, tsohuwa tana zaginta da rabin baki, tana yaƙushinta da hannun da ke motsi. Gadon bayan Dinatu ya riƙe saboda ɗaga mutum, har tafiyarta ta koma ta mai neman abu a ƙasa. Littattafanta na makaranta suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Wata rana ta tarar Matta ta yage shafuka daga na kimiyya tana ƙunsa daddawa. Ta tsaya ta kalli hoton zuciyar mutum da aka naɗe daddawa a ciki, ta ce, "Mama, a ƙara wuta a ruwan nan?" Ta wuce.

Ba ta fushi, ba ta fara'a. In an ce ci, ta ci. A majami'a bakinta yana motsi tare da na mutane, amma wanda ke kusa da ita ba ya jin komai. Matan ƙauye suka riƙa yabonta. "Kun ga 'yar Abraham? Boko bai lalata ta ba." Abraham kuwa ya ƙara gona ta biyar.

A ƙarshen wannan damina aka yi tashin hankalin nan da ya sa mutanen Jihar Gabas suka kwashe suka tafi, ofisoshi da asibitoci suka yi wayam. Ko'ina neman mai takardar sakandare ake yi. Waɗanda suka ci jarrabawa da ƙyar ma aka ba su tebur. A watan Nuwamba Fasto Manu ya sake jingine kekensa a ƙofar gidan Abraham. Dinatu tana gonar auduga.

Wannan karon Abraham bai tambayi ko tana ruɓewa ba.

"Fasto, buɗe. Turancin ba sai ka karanta ba. Ranar kawai nake so."

Fasto ya waiga hagu da dama, ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga bakin ambulan ɗin a hankali. Ya bi layukan da yatsa har ya kai kan lamba.

"Biyar ga Disamba. Litinin ce."

"Lahadi nawa ke nan?"

"Uku."

"To." Ya karɓa.

"Dattijo, yarinyar nan…"

"Fasto, kai za ka zo ka riƙa juya mini tsohuwa? Ko matarka za ka aiko?"

Fasto ya hau kekensa.

Lahadi uku suka wuce. Abraham ya bar ta huɗu ma ta wuce, don kada a ce kwana ɗaya ne a yi mata uzuri. Duk kwanakin nan yana cin tuwon da ta tuƙa, yana ce mata sannu da aiki. Matta ta riƙa ƙara mata nama a miya, ba ta kallon idonta.

Ran Talata da hantsi, Dinatu tana shanya tabarmar Inno a kan danga, ya zo ya tsaya a bayanta.

"Af, kin ga tsufa. Fasto ya kawo wannan kwanakin baya, aikin audugar nan ya sa na sha'afa. Duba mana ko mene ne."

Ta karɓa. Ta ga bakin ambulan ɗin a tsage, tsaf, tsagar wuƙa. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta zaro takardar ta karanta masa da Hausa, da irin muryar da take karanta takardar malamin gona.

"Sun ce sun ga wasiƙata. Sun ce saboda ƙarancin ma'aikata, da kuma kyan sakamakona, sun sake ba ni wuri. In je ranar Litinin, biyar ga Disamba. In ban je ba, za a cire sunana, kuma ba za a sake duba wata takarda daga gare ni ba."

"Biyar ga wata? Yau nawa?"

"Sha uku, Baba."

"Ashsha! Ashsha! Kin gani? Allah bai nufa ba."

"I, Baba."

"Ba ki ce komai ba."

"Tabarmar can ba ta bushe ba, sai dai a shimfiɗa mata buhu."

Ta miƙa masa takardar. Ya tsaya da ita a hannu, yana jiran kuka ko baƙar magana, abin da zai ba shi dalilin yin faɗa. Ko ɗaya bai samu ba.

Inno ta rasu a watan Fabrairu, da rana tsaka, ludayin kunu yana bakinta. Dinatu ce ta wanke ta, don ko a nan Matta ta ce kunya. Fasto ya yi wa'azi a bakin kabari a kan 'ya'ya masu riƙe iyaye, ya nuna Dinatu da hannu, mata suka yi ta gyaɗa kai. Mark ya zo da buhun shinkafa, ya yi kuka fiye da kowa.

Da aka watse zaman makoki, Abraham ya kira ta.

"To, yanzu hanya ta buɗe. Ni ban taɓa hana ki ba, ke ma shaida ce. Ki rubuta musu ki ce kin shirya."

"Sun ce ba za su sake dubawa ba, Baba."

"Ke dai rubuta. Ko ki nemi wani wurin, ai aiki ya yi yawa yanzu."

"To, Baba."

Ta ɗauko biro da takarda ta zauna a bakin ɗakin da Inno ta bari. Ta rubuta kwanan wata a sama. Ta zauna har inuwa ta bar ta, rana ta hau ƙafafunta. Ba abin da ya hana ta, babu mai kiranta daga ɗaki. Abin da ke sa mutum ya so wani abu ne ta laluba a cikinta ba ta samu ba. Da Matta ta ce ruwa ya ƙare a randa, sai ta ajiye biron ta ɗauki tulu.

Kafin shekarun nan su ƙare, Judith ta zama cikakkiyar nas mai farar hula, ana tashi tsaye in ta shigo ɗakin haihuwa. Dorkas ta zama shugabar makaranta. Rabi'atu ta koma Kaduna, an ce har waya gare ta a tebur. 'Yan ajin nan su goma sha tara, kowace ta kama wani abu, har da waɗanda Dinatu ke yi wa aikin gida. Ita tana nan ƙauye, tana tsinkar auduga a gonaki biyar. Ba wanda ya dake ta, ba wanda ya ɗaure ta, ba wanda ya hana ta abinci. In ka tambayi Fasto, zai ce ƙa'ida ya bi. Matta za ta ce ita ba ta san takarda ba. Mark zai ce yana Kaduna. Kowa a gidan nan hannunsa fes, kuma kowa yana cin Jibin Ubangiji, abincin tsarki na majami'a, ran Lahadi.

Abraham kuwa bai mayar da wasiƙun rumbu ba. A aljihun babbar rigarsa suka koma zama. Duk baƙon da ya sauka a gidan, malamin gona ne ko mai wa'azin bishara daga wani gari, kafin ya gama shan ruwa an baje masa su a kan buzu.

"Ka ga wannan? Hatimin gwamnati ne. 'Yata ce ta ɗaya a sakandare. Sau biyu gwamnati tana aiko mata, sau biyu! Duk ƙasar Kafur a nuna mini gidan da aka yi wa haka. Ita ce dai ta zaɓi kakarta. Dinatu! Ajiye taɓaryar nan, zo ki karanta wa baƙo da Turanci ya ji."

Sai ta zo ta durƙusa, ta goge garin da ke hannunta a zani, ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu, har da ranakun, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Baƙo ya ce kai, madalla, Allah ya yi albarka, Dattijo ka iya tarbiyya.

"Baba, in tafi?"

"Je ki, 'yar albarka."

Kafin baƙon ya ajiye kwanon ruwa, an ci gaba da jin dakan daga cikin gida.